Yadda ake yi wa kumfar feshi shafen kariya a ginin gida mai kubba

Kumfar feshi, wadda masu aikin azal (wato aikin tare zafi da ruwa a gini) a nan Saudiyya suke kira fom, ba ta da na biyu wajen tare zafi a jikin kubba. Allunan tare zafi a miƙe suke, ita kuwa kubba a lanƙwashe take ta ko'ina, duk yadda ka yanka allo sai ya bar kafa. Kumfa a ruwa take fitowa daga bakin bindigar feshi, ta kumbura nan take, ta bi jikin gini ta manne ba tare da mahaɗa ba. Sai dai akwai abu biyu da ba ta iya kare kanta daga gare su: rana ta waje da wuta ta ciki. Wanda ya fesa kumfa ya bi ta da fenti shara-shara don dai ta yi fari a ido, bai gama aiki ba.

Maginanmu na Kano da Zariya sun san haka tun da can. Idan suka ɗaure tulluwa da azara suka yaɓe ta da ƙasa, ba sa sauka sai sun bi ta da laso, wato haɗin katsi na marina da gashin jima da dafara, ko kuma makuba ta ɓawon ɗorawa. Ƙasar ce ke tare zafi, lason kuma shi ke tsare ƙasar daga ruwa. Kayan aiki sun canza, amma buƙatar tana nan. A Saudiyya, ƙasar da fiye da rabin wutar lantarkin gidaje ke tafiya wajen na'urar sanyaya ɗaki, kuma dokar gini ta wajabta azal ɗin zafi a sababbin gine-gine, kumfar da ta lalace asara ce da za ka riƙa gani a takardar kuɗin wuta kowane wata.

Fara da sanin inda kumfarka take

Kubba iri uku ce a wannan magana, kuma kowace da aikinta.

Ta farko, wadda aka fi yi a majalisai (ɗakunan karɓar baƙi) da istirahohi (gidajen hutu) da ƙananan masallatai, ita ce kubbar bulo ko kankare da ake fesa wa kumfa ta waje. Nan rana ce babbar matsala, kuma a kanta mafi yawan bayanin nan zai tsaya.

Ta biyu ita ce ta balan-balan. Ana hura wani ƙaton tamfol mai siffar kubba, a shiga ciki a fesa kumfa mai kaurin kamar santimita 7 zuwa 8, a ɗaure rodi a jikinta, sannan a fesa kankare ta ciki. 'Yan'uwa uku, David da Barry da Randy South, su suka fara gina irinta a garin Shelley na jihar Idaho a Amurka cikin 1976, don ajiye dankali. A irin wannan gini kumfa tana tsakiya: kankare ya tsare ta daga wuta, tamfol ya tsare ta daga rana. Tamfol ɗin ne ke buƙatar shafe.

Ta uku ita ce mai ƙirar katako ko ƙarfe da ake fesa wa kumfa ta ciki. Wannan rana ba ta ganin kumfarta, amma wuta na iya kai mata.

Mataki na 1: zaɓen shafe

Nan ne mutane suka fi yin gaggawa, nan ne kuma ya kamata a zauna a yi shawara. Fentin bango na gida ba ya cikin lissafi ko kaɗan. Kumfa tana buɗewa da rana tana tsukewa da dare, shafen da zai zauna a kanta dole ya zama mai talewa ya koma ba tare da ya tsage ba.

Cikin ire-iren shafen rufi, akrilik shi ne aka fi samu a kasuwa, shi ne kuma mafi sauƙin kuɗi. Da ruwa ake haɗa shi tun daga masana'anta, don haka wajen rabin abin da ka shafa tashi yake yi ya bar saura. Yana jure rana sosai, ana wanke kayan aiki da ruwa, kuma sake shafa wani a kansa ba wuya. Rauninsa shi ne ruwan da ya kwanta: idan ruwa ya daɗe a kansa sai ya yi laushi ya saki. A kubba wannan rauni ba ya cika bayyana, domin ruwa gangarewa yake yi, sai dai a gindinta inda ta haɗu da shimfiɗaɗɗen rufi.

Silikon ba ya tsoron rana, ba ya tsoron ruwan da ya kwanta, kuma mai kyau daga cikinsa kashi 90 cikin 100 ko fiye na abin da ka shafa shi ke zama. Amma yana da halaye uku da ya kamata ka sani kafin ka biya kuɗinsa. Yana kama ƙura, kuma a Riyad ko Kasim, inda guguwar ƙura ba baƙuwa ba ce ga shi ruwan sama bai isa ya wanke ba, farin nan ba ya daɗewa yake dushewa. Yana da santsi mai haɗari idan ya jiƙe. Na ukun shi ne mafi nauyi: ba abin da ke kama jikin silikon sai silikon. Ranar da ka shafa shi, ka ɗaure kanka da shi ke nan har ranar da za a kankare.

Foliyuretan na shafe ya fi su duka biyun ƙarfin jiki, yana jure duka da gogayya. A garuruwan kan dutse irin su Ɗa'if da Abha, inda ƙanƙara ke sauka, shi nake fifitawa. Iri biyu ne: akwai wanda rana ke sa shi ya yi rawaya ya riƙa fitar da gari, ana sa shi a ƙasa, akwai wanda ba ya canza launi, shi ake rufewa da shi a sama. Kada a yarda a sa maka na ƙasan kaɗai. Wani irin shafen kuma, foliyuriya, cikin daƙiƙoƙi take daskarewa, tana da ƙarfi ƙwarai, amma sai da inji mai dumama haɗin biyu da ƙwararren mai feshi, kuma ita ma yawanci tana son shafen sama mai jure rana.

A ganina, ga kubbar gida a Makka ko Madina ko Riyad, akrilik na rufi mai inganci da aka shafa da cikakken kauri ya fi silikon mai tsada da aka ja shi ya yi siriri don bokiti ya isa. Kauri ne ke riƙe aikin. Launin sama kuma ya zama fari ko mai haske. Baƙin rufi a tsakar ranar bazara yana iya kusantar digiri 80, wannan zafin kuwa yana gajarta rayuwar shafen da ta kumfar baki ɗaya. Mai son koriyar kubba ko ruwan zinare don ado, ya san zai riƙa sabunta ta da wuri.

Mataki na 2: lissafin abin da za a saya

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a auna faɗin ɗakin a ƙasa a sayo kaya a kan wannan. Jikin kubba mai rabin ƙwallo ninki biyu ne na daɓen da ta rufe. Kubba mai faɗin mita 10 daɓenta kamar murabba'in mita 78 da rabi ne, jikinta kuwa 157. Idan kubbar kwantacciya ce, ba ta kai rabin ƙwallo ba, ga yadda za ka yi: ninka rabin faɗinta da kansa, ninka tsayinta da kansa, haɗa su, sannan ka ninka da 3.14. Mai faɗin mita 10 da tsayin mita 3, za ka sami 25 da 9, wato 34, sau 3.14, kimanin murabba'in mita 107.

Kaurin da ake nema bayan shafe ya bushe yana tsakanin rabin milimita zuwa milimita 1. A zafin ranar ƙasar nan ban ba da shawarar a yi ƙasa da kashi uku cikin huɗu na milimita ba, wato maikiron 750. Lita 1 idan ta bazu a murabba'in mita 1 tana ba da kaurin milimita 1 a jiƙe. Sai ka duba takardar bayanin kayan ka ga kashi nawa ne ke saura bayan bushewa, a lissafin yawa ba na nauyi ba. Idan akrilik ɗinka kashi 55 ne, kana buƙatar kusan lita 1.4 a kowane murabba'in mita. Ƙara kashi 20 zuwa 25 saboda kaushin kumfa da abin da iska ke kwashewa, ya zama kamar lita 1.7. A kubbar nan mai 157, lita 267 ke nan, bokiti 14 masu lita 20. Da silikon mai kashi 90 ne, kamar lita 1 a kowane murabba'in mita ta isa.

Riƙe wannan lissafin da kyau. Idan ɗan kwangila ya zo da bokiti 5 ya ce za su rufe kubba mai faɗin mita 10, ka riga ka san amsa tun bai hau ba. Araha ba ta ado.

Mataki na 3: zaɓen rana da sa'a

Kumfa ba ta jira. Da zarar an fesa ta, wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani zai fara cin fatarta. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce a sa shafin farko a ranar da aka yi feshin, ko cikin awa 24. Idan ta wuce kwana 3 a buɗe, sai an gyara fuskarta kafin a shafa komai. Saboda haka kada a fara feshi sai bokitan shafe suna wurin, kuma kada a fesa abin da ya fi ƙarfin a rufe shi a ranar.

Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba hukuma ta hana aiki a cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na yamma. Ko ba don doka ba, wannan lokacin ba na shafe ba ne: akrilik a kan jiki mai zafi yana yin fata a sama alhali cikinsa da ruwa, ruwan ya nemi hanyar fita ya bar bororo da 'yan huji. A bi inuwa, a fara ɓangaren yamma da safe, a koma gabas bayan la'asar.

A Jidda da Yanbu da Dammam matsalar laima ce. Bayan asuba za ka shafa jikin kubba ka ji hannunka ya jiƙe da raɓa. Ba a feshi ko shafe a kan wannan, sai rana ta busar, kuma a tashi da wuri yadda shafen zai kama jikinsa kafin raɓar dare. Mai na'urar awo ya tabbatar zafin jikin ginin ya ɗara ma'aunin saukar raɓa da aƙalla digiri 3. A Tabuk da Ha'il da hunturu kuwa, kada a shafa akrilik idan sanyi zai sauka ƙasa da digiri 10 kafin ya bushe. Idan iska ta kai gudun kilomita 20 zuwa 25 a awa, a dakata ko a kafa labulen raga, domin feshin da iska ta kai kan motar maƙwabci ba ya fita da sabulu.

Mataki na 4: duba kumfar kafin ka rufe ta

Shafe ba ya gyara kumfa marar kyau, ɓoye ta kawai yake yi na ɗan lokaci. Kumfar waje ta zama mai rufaffun ƙwayoyi, nauyinta kilo 40 zuwa 48 a kowace mita kubik. Idan sabon kankare ne, sai ya yi kwana 28 kafin a fesa masa komai, kuma a gwada shi: manna leda mai faɗin santimita 45 a jikinsa da salatif, a bar ta awa 16, in an ɗaga an ga gumi a ƙasanta to bai bushe ba. Kowane zagaye na feshi kada ya gaza milimita 13, kada kuma ya haura kamar santimita 4, domin kumfa zafi take fitarwa lokacin kumburi, mai kauri da yawa tana ƙonewa ta ciki.

Sannan ka dubi fuskarta. Mai sumul da mai kama da ɓawon lemo su ne ake so. Wadda ta yi gudaji-gudaji irin na gugguru, ko ta yi tsage-tsage irin na ɓawon itace, ba ta karɓar shafe: fenti zai zauna a kan tudun ya bar ramukan a buɗe. Irin wannan sai a kankare ta da wuƙa ko injin gurza, a share, a sake fesa siririn zagaye. Danna da babban yatsa wuri-wuri. Inda ya lotsa bai dawo ba, ko yake danƙo, haɗin bai yi daidai ba, a yanke shi har zuwa kankare.

Wani dattijo ya taɓa kirana in duba kubbar majalisarsa a wata istiraha a bayan Makka, ta hanyar Jumum. Daga ƙasa fara ce tas. Da na hau, ɓangaren kudu duk ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, na goga tafin hannuna ya fito da gari mai launin makuba. Can kusa da ƙololuwa tantabaru sun sami inda fentin ya buɗe sun yi ta tsattsaga, ramuka sun fi a ƙirga, wani har yatsa yana shigewa. Na danna gefen wani ramin, ruwa ya tsatso, alhali an daɗe rabon da a ga hadari. Dattijon ya ɗaga kai daga ƙasa ya ce, "Mu'allim, a ƙara mata fenti ne?" Na ce, "A'a Baba, sai an cire ruɓaɓɓen tukuna, in an rufe ruwan nan a ciki bororo zai tashi." Abin da aka shafa mata tun farko bai kai kaurin takarda ba.

Tsohuwar kumfa irin wannan gyaranta shi ne: a share garin da tsintsiya mai tauri har a kai ga mai lafiya, a yanke duk inda ya sha ruwa, a bar wurin ya bushe, a shafa firaima, wato shafen share fage da ke sa sabon abu ya kama, a cike da sabuwar kumfa.

Mataki na 5: fara da mahaɗai

Yoyo ba ya cika farawa daga tsakiyar kubba. Yana farawa ne daga gefen taga, gindin hilali ko fitilar ƙololuwa, inda bututun na'urar sanyi ya ratsa, da layin da kubba ta zauna a kan rufi. Kafin babban shafe, bi waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya da burushi. Shafa, ɗora ƙyallen foliyesta mai faɗin santimita 10 zuwa 15 tun shafen yana jiƙe, danna shi ya nutse ba tare da ya tattare ba, sannan ka sake shafawa a kansa. Bakin kumfa a sassaƙe shi ya kwanta, shafen kuma ya zarce shi da santimita 5 zuwa 10 a kan kankare ko ƙarfe.

A gindin kubba a tabbatar ruwa yana da hanyar zuwa indararo. Ruwan sama a nan ba kullum ba ne, amma idan ya zo da ƙarfinsa yake zuwa. Mutanen Jidda ba su manta da 25 ga Nuwamba 2009 ba, da kuma na Nuwamba 2022.

Mataki na 6: shafin farko, na biyu, na uku

A hure ƙura da iska. A motsa bokiti da injin motsawa har ƙasa, kuma kada a ƙara ruwa ko tina (abin tsinka fenti) sai abin da takardar kayan ta yarda. Ƙarin ruwa shi ne hanyar da aka fi cutar masu gida da ita.

Shafin farko ya zama da launi dabam, misali toka-toka, na sama kuma fari. Ta haka duk inda aka tsallake zai nuna kansa. Ko da injin feshi aka yi, wani ya bi bayan mai feshin da rola yana danna shafen cikin ramukan kumfa. Wannan bin da rola shi ke toshe 'yan hujin da ido ba ya gani daga nesa.

Kubba ba kamar shimfiɗaɗɗen rufi ba ce. Samanta a kwance yake, yana ɗaukar shafe mai kauri. Ƙasanta kuwa a tsaye yake kamar bango, in ka cika masa sai ya dalalo ya taru a ƙasa ya bar sama fayau. Don haka akrilik a raba shi shafi 3, kowanne kamar rabin lita zuwa lita 0.6 a murabba'in mita, a ɓangaren da ya fi tsayuwa ma a iya kai shi 4. A fara daga ƙololuwa a riƙa zagayowa ana sauka. Idan shafin farko an ja shi daga sama zuwa ƙasa, na biyu a ja shi a kwance, su gitta juna. Kowane shafi sai ya bushe har a taka shi bai kama takalmi ba kafin a ɗora wani, kuma in guguwar ƙura ta ratsa tsakani, a wanke a bari ya bushe. Silikon da laimar iska yake daskarewa, saboda haka a busasshiyar iskar Najad, yankin su Riyad, yana iya ɗaukar lokaci fiye da na bakin teku.

A shafin ƙarshe, tun yana jiƙe, ana iya watsa ƙananan tsakuwar rufi, kamar kilo 1.5 zuwa 2 a murabba'in mita. Tana rage santsi, tana ƙara jure ƙanƙara, kuma tana sa tsuntsaye su haƙura. Wanda gininsa ke Makka ko Madina inda tantabaru suka yi yawa, ko Jidda mai hankaki, kada ya tsallake wannan. A inda jikin ya miƙe tsaye tsakuwar ba ta zama sosai, a nan sai a ƙara kaurin shafe.

Mataki na 7: auna, kada ka yarda da ido

Fari ba shaida ba ne. Hanya uku ce ta sanin gaskiya, kuma mai gida yana da haƙƙin ya nemi dukkansu.

Ƙirga bokitai. Raba kubbar gida huɗu da alli ko igiya, ka san bokiti nawa ya kamata kowane kashi ya sha a kowane shafi. A ajiye bokitan da aka juye har a gama aiki.

Akwai ɗan ƙarfe mai haƙora da ake dangwalawa a jiƙaƙƙen shafe ya nuna kaurinsa. A kan kumfa mai kaushi ba ya faɗin gaskiya sosai, don haka a jingina ɗan falle na ƙarfe mai sumul a wurin, a fesa shi tare da jikin, a auna a kansa.

Ta ukun ita ce yankan gwaji, ita ce kuma ba a musu da ita. Bayan an bushe, a yanki 'yar siririyar tsoka da reza, faɗin kamar santimita 1, tsawon 5, ta ratsa shafen har cikin kumfa. A dubi gefenta da gilashin ƙara girma mai ma'auni, za a ga launin ƙasa da na sama da kaurin kowanne. A yanka daga sama, daga tsakiya, da ƙasa, musamman ɓangaren kudu da yamma. Ramin da aka bari a cike shi nan take da abin liƙe tsaga irin na shafen. Rubuta kaurin da ake so da wannan gwajin a cikin yarjejeniya tun kafin a ba da kuɗin kafin alƙalami. Ɗan kwangila mai gaskiya ba ya jin haushin reza.

Mataki na 8: gindin da hannu ke kaiwa

Idan kubbar daga ƙasa ta tashi, mita 1 zuwa 2 na farko suna fama da abin da shafe mai laushi ba zai iya ba: ƙwallon yara, ƙahon akuya, bayan mota, guntun taba. A nan a ɗaure ragar waya da ƙusoshin da suka kama kankare, a yi filasta ta siminti mai kaurin kamar santimita 2, ko a jera dutse. Kumfa kada ta taɓa ƙasa, a bar tazarar kamar santimita 15 a bayyane. Gara ba ta cin kumfa, amma tana haƙa hanya a cikinta ta haura zuwa katako ba wanda ya gani.

Mataki na 9: kumfar ciki da maganar wuta

Wannan ba wurin rangwame ba ne. Ko an ce maka kumfar tana da maganin wuta, tana ci, kuma hayaƙinta baƙi ne mai guba, yana kayar da mutum kafin harshen wutar ya iso shi. A majalisun nan da ake kunna gawayi don turaren wuta da gahawa, da hunturu kuma a hura wuta a ciki, barin kumfa a buɗe ganganci ne da rayukan iyali.

Ƙa'idar gini tana neman shamakin da zai tsare kumfa daga zafin gobara na aƙalla minti 15. Ma'aunin da aka sani shi ne allon jibis mai kaurin milimita 12.7. Lanƙwasa shi a jikin kubba aiki ne, shi ya sa aka fi yin filastar siminti ko ta jibis a kan ragar ƙarfe. Akwai kuma fenti na musamman da ke kumbura idan ya ji wuta ya zama garkuwa. In shi za a sa, a nemi takardar da ta nuna an gwada shi a kan irin kumfar da aka fesa, a kuma shafa shi da kaurin da aka yi gwajin da shi. Fentin ado ko shafen rufi na waje ba sa maye gurbinsa. Ginin da jama'a za su riƙa taruwa a ciki, a tuntuɓi Difa'ul Madani, hukumar kashe gobara, tun ana zane. Kafin a rufe kumfar kuma, ba walda, ba yankan ƙarfe, ba shan taba a wurin.

Kubbar balan-balan

Kankaren cikinta ya gama maganar wuta. Tamfol ɗin waje kuwa rana tana busar da shi a hankali har ya fara fitar da gari, zarensa ya bayyana. Kada a jira ya kai haka. A wanke shi da sabulu da burushi mai laushi, a ɗauraye, a liƙe duk inda ya yage, a sa firaimar da aka yi don irin wannan roba, domin man da ke cikin tamfol yana iya tasowa ya sa shafe ya yi danƙo. A fara da gwaji: shafa ɗan wuri, nutsa ƙyalle a ciki ka bar jelarsa a waje, bayan mako guda ka ja. Idan ya ɓare salin-alin ya bar tamfol fes, wannan shafen bai kama ba, a canza firaima.

Lafiyar masu aiki

'Yan'uwanmu da yawa suna wannan aiki a matsayin leburori, kuma na sha ganin yaro yana feshi da ƙyalle ɗaure a hanci. Ɗaya daga cikin ruwa biyun da ake haɗawa su zama kumfa yana jawo ciwon asma da ba ya barin mutum, wanda jikinsa ya riga ya ƙi shi ko kaɗan ya shaƙa sai ƙirji ya toshe. Mai feshi ya sa takunkumi mai rufe fuska duka, a cikin gini kuma wanda ake turo masa iska ta tiyo, da rigar da ta rufe jiki da safar hannu. Mutanen gida kada su shiga sai an yi aƙalla awa 24 iska na ratsawa. A kan kubba ba a aiki sai da ɗamarar tsaro da igiya ɗaure a ƙarfen da aka dasa a ƙololuwa tun lokacin gini, ko sagala da aka kafa zagaye. A bar wannan ƙarfen a wurin bayan an gama, za a buƙace shi duk lokacin da za a hau dubawa.

Dubawa da gyara

A hau sau biyu a shekara, kafin ruwan hunturu da kuma bayan zafin bazara, haka nan bayan ƙanƙara ko babbar iska. A wanke ƙura da ruwa marar matsi sosai, a share bakin indararo. Ƙaramin rami ko tsagar tsuntsu, a yanke gefensa ya yi tsafta, a tabbatar ya bushe, a cike da abin liƙe tsaga: na silikon a kan silikon, na foliyuretan a kan akrilik ko foliyuretan. Kwalta da man liƙe na baƙi ba su da wuri a nan. Bororo ƙarami da bai fashe ba a ƙyale shi, kada a taka. Babba kuwa a yanke shi har inda kumfa ta manne da kyau, a cike, a rufe da ƙyalle da shafe.

Shafen da aka yi da cikakken kauri yakan kai shekara 10 zuwa 15 kafin ya nemi sabuntawa, ɓangaren da ya fi shan rana shi ke fara nunawa. Da ka ga launin shafin ƙasa ya fara leƙowa ta cikin farin, lokaci ya yi: a wanke, a gyara ramuka, a yi gwajin ƙyalle, a ƙara shafi 2 na irin wanda ke kai. Saboda wannan ranar, ajiye murfin bokiti ɗaya da takardar kayan da aka yi amfani da su tare da takardun gidan, domin mai gyaran da zai zo ya san ko silikon ne a sama ko akrilik.